Fayafayan garmaho iri-iri a kwali ɗaya: ta ina ake farawa, kuma me ke sa muryar mawaƙi ta yi nauyi?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar faifai. Akwai kwali biyu na fayafayan garmaho a hannuna nan Katsina, sun kai 140, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na makaɗanmu na Hausa, akwai na finafinan Indiya, na Sudan da na Masar, akwai juju da hailaif na Kudu, ga rege da kiɗan Turawa, har da 'yan kaɗan na karatun Alƙur'ani. Wasu manya ne, wasu ƙanana masu ƙaton rami a tsakiya, wasu kuma nauyi gare su kamar farantin tangaran. Injin da ke akwai na lantarki ne, mai bel, tsoho amma yana juyawa.

Matsalolin su ne: murya tana fita da nauyi, kamar mawaƙin bai gama farkawa daga barci ba. Sautin kuma ƙasa-ƙasa yake ko an ƙure amfilifaya, ga wani gurnani da ba ya tsayawa. Fayafayai da yawa suna ƙaras-ƙaras, allura tana tsalle a wasu, kamar guda goma kuma sun lanƙwashe. Ta ina zan fara? Da me ake wanke su? Allura ɗaya za ta iya da dukansu? Kuma in mutum zai ƙara saye, me zai duba? Allah Ya saka da alheri.

Usta Mai Rediyo, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, ka dakata da ɗora faifai a kan injin nan. Allurar da ba ka san shekarunta ba tana cin layin faifai ne duk juyi ɗaya, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ka ware faifai guda wanda ba ka damu da shi ba, shi za ka riƙa gwaji da shi har a gama gyara.

Nauyin murya daga gudu yake. Babban faifai mai inci 12 yana son juyi 33 da sulusi a minti, ƙarami mai inci 7 galibi 45, masu nauyin nan kuma 78. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: manna 'yar takarda a gefen farantin, saita shi a 33, ka ƙirga juyi da agogo a hannu. A minti uku daidai ya kamata ka samu juyi 100. In ka samu 95 ko 97, ko gudun yana hawa yana sauka, mafi yawa bel ne ya saki. Zafinmu na bazara yana kashe roba, bel ya miƙe ko ya narke ya zama kamar kwalta. Ɗaga farantin, cire bel ɗin, goge bakin moto da zoben da ke ƙarƙashin farantin da auduga da ɗan sipirit, ka sa sabo. Wajen awo, kewaya zare ta hanyar da bel ke bi, ka auna tsawonsa, ka sayi wanda ya gaza haka da kaɗan don ya kama. Kada ka auna da tsohon, ai ya riga ya miƙe. Sandar da farantin ke juyawa a kanta tana son ɗigon man keken ɗinki ɗaya ko biyu, ba giris ba, ba baƙin mai ba.

In kuwa ka samu wajen juyi 83 a minti ukun nan, to ba bel ba ne, wuta ce. Duba farantin ƙarfe ko takardar da ke bayan injin ka gaya mana abin da aka rubuta.

Batun sauti ƙasa-ƙasa: kan allura irin mai maganaɗisu wutar da yake fitarwa ba ta wuce kashi uku zuwa biyar cikin dubu na bolt ɗaya ba. Ban da haka, a wajen yanka faifai da gangan ake rage ƙasan sauti a ƙara samansa, don layi ya yi siriri waƙa ta samu wuri. Wannan tsari shi ne RIAA, tun 1954 kamfanoni suka fara haɗuwa a kansa. To dole a samu abin da zai mayar da sautin yadda yake, ya kuma ɗaga shi. Duba bayan amfilifayarka. In akwai rami mai suna PHONO, nan za ka soka, ba AUX ko CD ba. In babu, sai ka sayi ɗan akwatin fono a sa tsakani. Wanda ya soka a AUX zai ji waƙa siririya, kalangu ba gindi, kamar ana yi daga cikin gwangwani. Wasu sababbin injuna suna da nasu fonon a ciki da ɗan makunni a baya. In ka kunna shi sannan ka sake sokawa a PHONO, sauti zai fashe.

Gurnanin kuma, nemi wata siririyar waya guda da ke fitowa tare da jan da farin fulogin. Wayar ƙasa ce, akwai kusa mai suna GND a bayan amfilifaya, nan ake ɗaure ta. Sau da yawa an yanke ta ko tana lilo. In an ɗaure gurnani bai tafi ba, nisanta injin daga sitabilaiza da taransifoma, ka kuma goge bakin fulogan. Ƙaramar inbata mai arha ma tana kawo zuwwa a lasifika saboda wutarta ba sumul take ba.

Yanzu allura. Sayi sabuwa, ba ciniki a nan. Ta lu'ulu'u tana kai awa 500 zuwa 1000 in faifai mai tsabta take bi, a ƙurar garin nan ka ɗauki na ƙasan. In kan allurar tsohon samfuri ne da ba a samun bakinsa, canza kan gaba ɗaya. Audio-Technica AT-VM95E yana da sauƙin samu, nauyin da kamfanin ya ba shi giram 2 ne, kuma bakinsa ake zarewa a sa wani ba sai an kwance wayoyi ba. Saitin nauyi haka yake: mayar da ɗan maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki zuwa sifili, juya dutsen da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska, bai tashi ba bai faɗi ba. Riƙe dutsen, juya zoben lambobi kaɗai ya koma sifili. Sannan juya dutsen da zoben tare zuwa 2, ka kai wancan maɓallin shi ma 2. Mutane suna tsammanin rage nauyi tausaya wa faifai ne. Ba haka ba ne. Allurar da ba ta zauna ba tana karo da bangon layi tana ɓantarar shi, ta fi mai ɗan nauyi ɓarna. Ɗaya gefen kuma su ne masu ɗora kwabo a kan hannu don hana tsalle, su ma suna huɗar faifai ne kamar garma. Tsalle yana zuwa daga datti, ko teburi da ya karkata, ko lasifika da ke kan teburi ɗaya da injin tana girgiza shi. Ari ma'aunin ruwa irin na magina ka ɗora a kan farantin, ka cusa takarda a ƙarƙashin ƙafa har kumfar ta tsaya tsakiya, lasifiku kuma su sauka daga teburin.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Na gode Usta, Allah Ya ƙara basira. Na ƙirga, juyi 83 ne ko 84. A bayan injin an rubuta 120V 60Hz, kuma da ɗan taransifoma mai rage wuta ake kunna shi. Na ɗauka shi ke nan tunda bai ƙone ba.

Usta Mai Rediyo, Ƙofar Ƙaura:

To ga ta nan. Injin Amurka ne. Taransifoma ƙarfin wuta kaɗai take ragewa daga 230 zuwa 120, ba ta taɓa bugunta. Wutarmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, tasu sau 60, kuma moton da ke cikin injinka bugun wuta yake bi. Saboda haka yana gudu kashi biyar cikin shida na abin da ya kamata: 33 da sulusi ta koma wajen 28, 45 ta koma 37 da rabi. Shi ya sa kowa ya zama mai muryar gardi.

Magani na gaskiya shi ne canza ɗan ƙarfen da ke bakin moto, wanda bel ke kewayawa, da na 50 Hz mai ɗan kauri. In samfurin sananne ne ana samu a intanet. Mai injin gyaran ƙarfe zai iya fiƙe maka, kaurinsa ya zama na yanzu sau 1.2, amma kuskuren da ido ba ya gani kunne yana jin sa. Naɗa salatif a bakin moto da wasu ke yi, sati biyu ne ya narke ya ɓata bel.

In da ni ne zan zaɓa wa mutumin da ke canjawa tsakanin wutar gari da janareto da inbata, inji marar bel zan ce, wanda moto ke juya faranti kai tsaye kuma aka rubuta Quartz a jikinsa. Shi da kansa yake riƙe gudunsa, bugun wuta bai dame shi ba. Technics SL-1200 MK2 da ya fito a 1979 shi ne sarkinsu, amma ƙannensa masu arha na kamfanonin Japan suna yin aikin. Da yawa suna da makunnin zaɓen ƙarfin wuta a ƙarƙashin farantin, duba shi kafin ka soka. Moto mai bin bugun wuta a kan janareto kuwa, firji na tashi za ka ji mai waƙa ya lanƙwasa murya.

Akwatunan nan sababbi masu kama da jakar tafiya, masu lasifika a jiki, kada kyansu ya ruɗe ka. Nauyin allurarsu yakan kai giram 5 ko fiye, ba a saita shi, bakin kuma awa kaɗan yake yi ya mutu.

Baban Ummi, Daura:

Usta ya gama da inji. Ni kan kwalin zan yi magana, don kuskuren farko shi ne a ɗauka duk baƙin faranti abu ɗaya ne.

Masu nauyi kamar tangaran ɗin nan ka fitar da su daban yau ɗin nan. Na 78 ne, kuma ba roba ba ce, wani ƙaro ne da ake kira shalak aka cakuɗa da garin dutse. Alamarsu: galibi inci 10, ba sa tanƙwaruwa ko kaɗan, in ka ƙwanƙwasa gefe da farce za ka ji ƙara irin ta kwano, kowane gefe kuma waƙa ɗaya ce ta wajen minti uku. Faɗuwa ɗaya sun tarwatse. Kada ka yi mamakin ganin su cikin na Indiya, don can an ci gaba da buga su har cikin shekarun 1960, bayan Turai da Amurka sun bari. Layinsu faɗi gare shi, bakin allurar da ya dace da shi ya ninka na faifan roba wajen sau huɗu a kauri. In ka sa allurar zamani za ta faɗa can ƙasan layin tana kwasar hayaniya, ita ma ta lalace. Don haka amsar tambayarka: allura ɗaya za ta yi wa 33 da 45, amma 78 tana son bakinta daban da inji mai gudun 78. Kan da Usta ya ambata yana da bakin 78 da ake saye a zura. Akasin haka ya fi muni. Tsohon garmaho irin wanda ake wanawa da hannu, mai allurar ƙarfe, kansa ya haura giram 100. Juyi ɗaya zai yi wa faifan roba ya bar maka farin gari. Ita allurar ƙarfen ma a kan 78 gefe ɗaya ake yi da ita a jefar, shi ya sa ake sayar da su cike da ɗan gwangwani.

Babban faifai na 33 kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, ƙaramin na 45 kuma RCA Victor a 1949, kuma su RCA ne suka zo da ƙaton ramin nan mai inci ɗaya da rabi. Akwai 'yar roba ko ƙarfe da ake ɗorawa a kan sandar tsakiya ta cike shi. Kada ka daidaita da ido, in ya goce ko da kaɗan ne murya za ta riƙa lilo duk juyi. Kuma girma ba ya nuna gudu ko yaushe. Akwai inci 12 mai gudun 45, musamman na rege da disko, akwai inci 7 mai 33. Takardar tsakiya ce alƙali.

Abin da na fi so ka gane shi ne, kowane irin kiɗa yana da nasa haƙurin da datti da tsufa. Faifan da kalangu ke tashi, 'yan amshi suna karɓa, ko juju mai ganguna birjik, ƙananan ƙaras-ƙaras suna ɓuya a ƙarƙashinsa, za ka saurara ka ji daɗi ko ya sha hannu. Amma mutum ɗaya da kuntigi irin Ɗan Maraya Jos, ko mai gurmi, ko udu na Larabawa, ko makarancin Alƙur'ani da ke tsayawa tsakanin aya da aya, ko kiɗan gargajiyar Turawa da ke sauka har kamar an yi shiru, nan duk ƙwayar ƙura sai ta yi magana. Waɗannan su za ka fara wankewa, kuma in saye za ka yi, su za ka tsananta wa bincike. Tsawon gefe ma yana da tasiri. Gefe ɗaya na babban faifai minti 20 zuwa 22 yake ɗauka cikin walwala. In aka cusa kusan 30, kamar yadda ake yi a fayafayan tattara waƙoƙi, dole a matse layi a rage ƙara, sai ka ƙara murya, hayaniya ta taso tare. Inci 12 mai waƙa ɗaya a gudun 45 kuwa layinsa a buɗe yake, gindin sautinsa yana iya wurgar da allurar da ba a saita ba. Shi ne mafi kyawun gwajin saitin da Usta ya koya maka. Sannan duk babban faifai, waƙar ƙarshe ta kusa da tsakiya ta fi saurin shaƙewa, don can layin da ke wucewa ƙarƙashin allura a daƙiƙa bai kai rabin na baki ba. In ita kaɗai ke ɗan kaushi, ba laifin faifan ba ne.

Da yawa daga tsofaffin na Hausa da na Indiya sautin hanya ɗaya ne, wato mono. Allurar sitiriyo tana bin su lafiya. In amfilifayarka tana da maɓallin MONO ka danna, hayaniyar gefe za ta ragu sosai.

Wajen jerawa, fara da girma, don inci 7 a tsakanin manya yana sa su lanƙwashe. Bayan haka ka raba ta ƙasa ko ta irin kiɗa, duk wanda hannunka zai fi saurin samu. Na karatun Alƙur'ani su hau kantar sama su kaɗai, wannan ba sai an faɗa ba. Ka samu littafi ka rubuta sunan mai waƙa, kamfani, lambar faifai, gudu da halin da yake ciki.

Na Hausan nan kuma ka riƙe su da hannu biyu. Kamfanonin faifai irin su EMI da Decca a Legas suke, kuma abin da aka buga na makaɗan Arewa kaɗan ne in an kwatanta da yawan waƙoƙinsu. Mafi yawa a gidajen rediyo da kaset suka zauna. Ko Shata, da aka haifa a Musawa aka binne shi nan Daura a 1999, abin da ya hau faifai ɗan yanki ne na abin da ya rera. Faifan rege ko na Turawa in ya lalace akwai dubbai irinsa a duniya, ana ma sake bugawa. Na mai kukuma ko mai kotso in ya fashe, ba lalle ka sake ganin wani ba.

Hajiya Mai Lalle, Filin Samji:

Malam, bari in karɓi batun wanki da ajiya, don a garin nan rana da ƙura sun fi allura kisa.

Ruwan da za ka yi amfani da shi tataccen ruwa ne, irin wanda ake ƙara wa batirin mota ko na sola. Amma ka yi hattara ƙwarai: a shagon batir akwai tataccen ruwa, akwai kuma ruwan asid, kuma duka biyun "ruwan batir" ake ce musu. Karanta jikin robar, ka ce wa mai shago wanda ba asid kake so. Ruwan rijiya, na burtsatse, na famfo da fiya wata duk suna da gishiri-gishiri da ke bushewa a cikin layi, ka wanke ka ƙara ƙaras. Haɗin: kashi huɗu tataccen ruwa, kashi ɗaya sipirit mai suna isopropyl, sai ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke a lita guda. Ɗigo fa, ba cokali ba, aikinsa kawai ya sa ruwa ya shiga layi maimakon ya tsaya ƙwallo-ƙwallo. Sipirit mai launi ba ya ciki. Fetur, kananzir, garin sabulu, man goge gilashi, turare, duk ba sa ciki. Masu shafa man gyaɗa ko basilin don faifai ya yi ƙyalli a kasuwa kuwa, Allah Ya shirye su.

Na 78 ko ɗigon sipirit kada ya taɓa su, narkar da shalak yake yi. Tataccen ruwa da ɗigon sabulu, da sauri, a tsane nan take.

Yadda ake yi: shimfiɗa tawul mai tsabta a teburi. Fara kaɗe busasshiyar ƙura da burushi mai laushi, don in ka jiƙa yashi ka goga, ka yi wa faifai sanfefa ke nan. Rufe takardar tsakiya da murfin kofi, tawadar tsofaffin tana zuba in ta jiƙe. Fesa haɗin, ka bi layi da burushin fenti mai laushi ko ƙyalle marar gashi, kewaye-kewaye yadda allura ke bi, ba a gicciye ba, kamar sau huɗu ko biyar. Bar shi minti biyu. Ɗauraye da tataccen ruwa zalla, tsane da wani ƙyallen daban, ka jingine a kan abin tsane kwanuka aƙalla rabin awa, a ɗaki rufaffe, ba fanka. Kada ka kunna faifai da danshi. Kuma kada ka mayar da wankakke cikin tsohuwar takardarsa, duk dattin yana can. Sayi sababbin riguna na ciki masu santsin leda, a sa su bakinsu yana kallon sama, bakin kwali yana kallon gefe, ƙura ta rasa hanya.

Da hunturu iska takan bushe ƙarau, faifai ya riƙa tara wata wuta a jikinsa, irin wadda ke sa mayafi ya manne wa mutum. Ita ke jawo ƙura, ita ke sa ka ji tas-tas ko a kan wankakke, har shimfiɗar farantin ta biyo faifai in ka ɗaga. Canza shimfiɗar ulu da ta roba, goge daɓen ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka zauna saurare, ka riƙa bi da burushin zaren kabon juyi biyu kafin kowane gefe. Bakin allura ma a share shi da ɗan burushi daga baya zuwa gaba, hanyar da faifai ke wucewa, ba gefe-gefe ba, ba da yatsa ba.

Ajiya a tsaye, kamar littattafai, ba a kwance ɗaya bisa ɗaya ba, ba kuma a kishingiɗe ba. Su matsu daidai yadda za ka zaro ɗaya ba da ƙarfi ba, da katako mai raba su duk taƙi biyu. Guda 100 da kwalayensu sun haura kilo 20, saboda haka gaya wa kafinta katako mai kauri. Kanta ta tashi daga ƙasa, ta bar bango da faɗin hannu, saboda gara da danshin damina. Gara kwali take ci ta bar maka faifai tsirara, fumfuna kuma har cikin layi take shiga. Zaɓi ɗakin da ya fi sanyi, nesa da tagar yamma. Ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu tanda ce. But ɗin mota da gaban gilashi kuwa, tafiyar Katsina zuwa Daura da rana tsaka ta isa ta mayar da faifai kamar ƙasaƙi.

Lanƙwasassun: in allura tana hawa tana sauka ba ta tsalle, bar shi haka. In ya yi yawa, wanke shi, sa shi a riga, matse tsakanin gilasai biyu masu kauri, ɗora littattafai, manta da shi wata ɗaya ko biyu a ɗaki. Wani ya miƙe, wani ya ƙi. Masu cewa a kai gilasan rana, a ranar Katsina layin ne zai narke, ka samu faifai miƙaƙƙe mai murya karkatacciya. Wanda gefensa ya yi tattara kamar bakin zane, ya riga ya tafi.

Na Bakin Kasuwa:

Hajiya, a gafarce ni, a sipirit ɗin nan ina da ja kaɗan. Isopropyl mai kyau ba ko'ina ake samu ba, kuma mai farawa bai iya bambance 78 da sauran ba tukuna. Tataccen ruwa da ɗigon sabulu yana fitar da mafi yawan dattinmu, tunda ƙura ce ba maiƙo ba. A ajiye sipirit sai ga wanda ya sha yatsu ko aka shafa wa mai.

Batun saye da ba a taɓa ba. Fitar da faifan daga kwali, riƙe shi ta gefe da tsakiya, karkata shi a haske mai ƙarfi. Zanen da farce bai ji ba galibi kunne ma ba zai ji sosai ba. Wanda farce ya tsaya a kansa za ka ji shi duk juyi, wanda kuma ya bi tsawon layi maimakon ya gicciya shi ne mai sa allura maimaita wuri ɗaya. Abin da ya fi zane haɗari shi ne layi da ya yi fari-fari ko toka-toka: tsohuwar allura ce ta cinye shi, ba wankin da zai gyara, kuma faifan yana iya yin kyau a ido. Duba kewayen ramin tsakiya, yawan ɗigo-ɗigon da sanda ta bari yana nuna yawan hawa inji. Ɗaga shi daidai ido ka ga ko ya lanƙwashe. Tabbatar abin da ke ciki shi ne na jikin kwalin, don a tsofaffin kaya rabi a cakuɗe suke. Wasu bugun na bayan tsadar man 1973 da roba maimaici aka yi su, tun suna sababbi suke da ɗan hayaniya, kada ka wanke su sau biyar kana zargin kanka.

A santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takarda akwai lambobi da aka zana. Da su da lambar kwali za ka nemi faifan a Discogs, shafin intanet na bayanan fayafayai da cinikinsu, ka ga bugun farko ne ko na baya. Can za ka ga ana rubuta NM, VG+, VG, G: na farko kamar sabo, na biyu ɗan alamun hannu, VG ana jin ƙaras amma waƙa ta rinjaya, G sai don tarihi. Duba farashin da aka sayar a baya, ba wanda mai kaya ya rubuta ba. Wannan ya shafe ka ko ba ka da niyyar sayarwa, don fayafayan Najeriya na shekarun 1970, musamman afrobit da fank, Turawa da Japanawa suna nema ruwa a jallo, kuma mai zuwa ya ce zai kwashe kwalin a dunƙule ya san guda ukun da ya gani.

Na Hausan da Baban Ummi ya ce, bayan wanki da sabuwar allura, kunnawar farko ta zama ta ɗauka. Jawo waya daga ramin REC OUT na amfilifaya zuwa kwamfuta, buɗe manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce, saita ƙara yadda mafi ƙarfin bugun kalangu ba zai taɓa ja ba, ka adana a WAV ko FLAC, ba MP3 ba. Ɗauki hoton kwali gaba da baya da takardar tsakiya ta kowane gefe, ka sa su a jaka ɗaya da sautin, da lambar faifan a matsayin suna.